Taga Ta Uku

Litinin ce, kashegarin kasuwa,
Tawa na warin albasar da ba ta samu mota ba.
Ina zaune bayan gilashi, taga ta uku,
inda ake rajistar layi,
sai ga Kawu Arzika, hula a karkace,
ya dire goro biyu da jaka biyar a kan kanta.

"Tankari na ci na," in ji shi.
"Buhu ɗari da ashirin muka tura Abijan,
kuɗin tamanin ya kawo, wai sauran sun ruɓe.
Duba mini cikin injin nan naku:
wa yake kira, ƙarfe nawa, sau nawa.
Ba kai ke riƙe da makullin ba?"

Ni ke riƙe da shi, Kawu.
Yatsa uku a kan madanni, shi ke nan,
Tankari zai tsaya gabana ba riga:
unguwar da ya kwana,
eriyar da ta gan shi ya ƙetare Ƙwanni,
lambar da yake nema in dare ya raba.
Ranar da ya miƙo mini katin shaidarsa
bai san duka wannan ya miƙo ba.
Shi dai layi ya zo saye.

Na ce, "Doka ta hana,
sai da takardar alƙali, da hatimi a kanta."
Ya ce, "Doka ce ta biya maka kuɗin lakwal?
Doka ce ta yanka rago ran sunanka?"
Mutanen da ke layi suka sunkuyar da kai.
Fanka na juyawa.
Wata tsohuwa ta yi tari.

Na tura masa kuɗinsa ta ƙasan gilashi,
na riƙe goro ɗaya, don kada a ce.

Abin da ban faɗa masa ba:
bara, da ya zo kukan kuɗinsa na ƙarewa da wuri,
shi da kansa ya ce in buɗe in duba.
Na duba.
Kowace Juma'a, bayan an sauko daga masallaci,
kira guda, daƙiƙa tara ko goma,
zuwa lambar Nomau,
Nomau da hamada ta riƙe shekara huɗu ke nan
a kan hanyar Libiya.
Ba mai ɗauka.
Muryar matar nan ce kawai ta kamfani
mai cewa a sake gwadawa an jima.
Shi kuwa yana sake gwadawa.

Na rufe, na ce masa kuɗin sun tafi ne wajen saƙonni.
Ban gaya wa Inna ba.
Ban gaya wa Cima ba, da muke kwana ɗaki ɗaya.
Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da Tankari ne ya zo da nasa goron
yana son ya san inda hankalinka ke tafiya,
don ya ce wa ƴan tasha tsufa ya taɓa ka,
wannan ƙofar da ka buga ta ƙi buɗuwa,
ita zai tarar, Kawu.
Ƙyaure ɗaya ne, ba shi da dangi.

Ya kwashe kuɗinsa, ya tafi bai waiwaya ba.
Watakila gobe ya nufi gidan shari'a,
watakila Tankari ya ci shi da gaske,
ban sani ba, ba a ba ni sani ba.
In takarda ta zo, sai in buɗe.

Tsohuwar ta matso, katinta ƙulle a bakin zane.
Ta daɗe tana kwancewa.
Ta ce, "Yaro, in na ba ka, wa zai gani?"