Warin Gida a Fas

Ige ta ce in daina zuba shayi daga sama,
tabarma ta uku ke nan na jiƙa mata.
Na ce haka suke yi a Fas.
Ta ce nan Rijiyar Ɗorowa ce,
sauke hannunka, Modi.

To, na sauke.
Amma zauna ki ji.

Kwana sha ɗaya na yi a garin da lungunsa
bai fi faɗin zanenki ba.
Ba mota, ba kabu-kabu, alfadari ke da hanya,
ya ɗauko tukwanen gas, mai shi na ihu, balak, balak,
sai ka manne da bango kamar tsaka.

Da sassafe yara ke fita da katako a ka,
ɗanyar gurasa lulluɓe da ƙyalle,
duk unguwa gidan wuta ɗaya.
Mai gashi ba ya musanya ta wani da ta wani.
Na ce ta yaya?
Aka ce ya san yatsun kowace uwa.

Ran Juma'a Si Larabi ya ja ni gidansu.
Akushi guda, mu tara.
Kuskus, wato dambu ne da ya yi zurfin karatu,
kabewa a bisa, nama can tsakiya.
Na yi gaggawar kai hannu,
tsohuwarsa ta ɗan buge mini yatsa,
can ta yagi tsokar da kanta ta turo gabana:
kul, kul.
Na ci har na rasa inda zan aje numfashi.

Gidan wanka kuwa ban so ki ji ba.
Wani ƙato ya shimfiɗe ni kan dutse mai ɗumi,
ya shafe ni da sabulu baƙi kamar daddawa,
ya dirje ni gaba da baya.
Shekara arba'in ina jima,
sai ranar na tausaya wa fata.

Bayan magariba suka zagaye suna karatu baki ɗaya.
Na leƙa takardar na kusa da ni:
fa da ɗigonsa a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya tal,
irin na allona a zauren Malam Buda.
Bakina ya shiga cikin nasu ko sallama babu.

Sai majemarsu.
A ƙofa ana miƙa wa baƙi reshen na'ana'a
su kare hanci. Turawa sai yamutsa fuska suke.
Yaro ya miƙo mini, na ce riƙe abinka.
Toka, kashin tattabara, ruwan jima da ya kwana,
na ja shi har ƙasan ƙirji
idona ya kawo ruwa.
Tun da na baro Sakkwato
ban ji warin gida ba sai nan.

Wani tsoho ya fito daga rami, jiƙe har cinya.
Larabcina na littafi, nasa na kasuwa,
ba inda suka gamu.
Ya kama hannuna ya juya, ya dubi farce,
ya jera nasa kusa da nawa.
Nawa bagaruwa ta rina, nasa ban san ko mene ne ba,
amma tsagar iri ɗaya ce.
Na ce masa kakana ya ce jar akuyarmu
ta riga ni zuwa nan a bayan raƙumi,
ta iso ta sake suna.
Bai ji ba. Ya ce na'am,
ya yi dariya da haƙora uku, ya kira shayi.

Ga jakarki nan, dirhami ɗari uku,
bayan na tashi sau biyu ana jawo ni.

Ige ta shinshina, ta ja, ta murza da babban yatsa.
Ta ce ɗinkin ya yi,
jimar ce ba ta kai taka ba.
Ta yi shiru. Akuyar maƙwabta na kuka bayan katanga.
Sai ta ɗauki butar ta ɗaga ta sama,
sama da inda nake kaiwa,
shayin ya sauko siriri kamar zare
ya yi kumfa a kofi.

Ko ɗigo bai taɓa tabarma ba.