Audu Bakwai

Ran farko Malam Nazifi ya ce: rumbu za ku gina.
Na yi dariya a ciki, ni 'yar Gagarawa,
da na girma ina leƙa rumbu a kan turmi.
Ya ce wannan ba na laka ba ne, ba a yi masa jinka,
gara ba ta cinsa, ɓera ba ya shiga,
abin tsoronsa ɗaya: hannun mai shi.
Ban rubuta wannan ba. Na ɗauka zance ne.

Wata biyu a Kazaure ina kokawa da waƙafi mai ruwa,
ɗigo da 'yar wutsiya, bai kai ƙwayar riɗi ba,
amma ka manta shi, shafi ya yi fari fat
kamar allon da aka wanke.

Da hutu na dawo da kwamfutar aro.
Caji a shagon Tasi'u mai sola,
sabis kuwa sai na hau tudun bayan firamare.
Kawu Barau ne magatakardan manoman riɗi,
littafinsa an yi masa bango da buhun taki.
Na ce: kawo in zuba maka a rumbun zamani.

Sai ga Audu bakwai.
Audu Dogo, Audu na Gindin Tsamiya,
Audu Mai Jaki wanda jakin ya daɗe da mutuwa,
Audu Ƙanen Audu.
Na'ura ba ta san su ba, lamba take so,
kowa da tasa, kada biyu su haɗu.
Kawu ya ce: lamba ai ta mota ce.

Na tambayi Iya Tabawa ranar haihuwa,
ta ce shekarar da fara ta cinye gero.
Babu gurbin fara a teburina.
Na bar wajen fanko, na'ura ta ce ba a sani ba,
alhali ita ta sani sarai.

Teburin mutane, teburin buhuna, teburin bashin taki,
na ɗaure su da lamba kamar awaki a turke ɗaya.
Ran da shafin ya buɗe a wayar Tasi'u
Audu Dogo ya ga sunansa da buhu goma sha ɗaya,
ya goge hannu a riga kafin ya taɓa gilashin.

Daren Laraba ne, caji saura kaɗan.
Mutum ɗaya zan cire, wanda ya koma Maigatari.
Na rubuta: share.
Na manta in ce wa.
Mutum ɗari biyu da sha huɗu,
da bashinsu, da guminsu na damina uku.
Na'ura ta ce an gama,
cikin ladabi, kamar yaron da aka aika ya dawo.
Kwafi? Ban ajiye ba.
Na zauna har aka kira assalatu.

Da safe na faɗa wa Kawu, idona a ƙasa.
Bai ce komai ba sai da ya shanye kokonsa.
Ya ɗaga matashi ya zaro littafin.
Inda ruwa ya cinye tawada, ya karanto da ka.
Kwana uku yana faɗa ina bugawa,
har ya gano buhu biyu da na ɗora wa Audun da ba shi ba,
tun kafin in yi ɓarnar.

Yanzu kafin in share ko ɗigo
sai na ajiye kwafi biyu, ɗaya a aljihun Tasi'u.
Na kuma ƙara gurbi a teburin, na sa masa laƙabi,
Mai Jaki ya koma Mai Jaki.

Ran da zan koma makaranta Kawu ya rako ni bakin titi.
Muna jiran mota ya ce, yana kallon gabas:
To ni lambata nawa?
Na ce ɗaya.
Ya ce uhm,
ya gyara zaman hularsa.