Romon Ƙashi

Da sassafe na je kwatar Tudun Wada.
Tanimu ya san ni, bai yi mini tayin tsoka ba.
Ya jawo ƙashin cinyar sa daga ƙarƙashin teburi,
ya sara shi uku da gatari,
ɓargo ya leƙo, fari sol, kamar mai jin kunya.

A Kakuri gas ya ƙare mana tun Talata.
Na hura gawayi a kurfoti,
na aza tukunyar Inna mai hannu ɗaya.
Kumfar farko ta taso toka-toka,
na kwashe, na zubar, na sake kwashewa.
Sai citta, sai masoro,
kimba biyu da na fasa a turmi,
albasa har da ɓawonta.

Daga nan ba sauran aikina.
Tukunya tana ta ƙus-ƙus da wuta.
Azahar ta wuce.
La'asar ta wuce.

Baba na ɗaki, ƙafa cikin karan ɗori.
Shekara ashirin da shida a masaƙa bai karye ba,
sai da ya zame a bakin famfo.

"Kande, me kike dafawa tun safe?"
"Dutse, Baba."
Ya yi dariya har ɗorin ya motsa, ya ce wash.

Da magariba na tace.
Ƙashin ya yi fayau, duk huda,
ya ba da abin da yake da shi.

Baba ya kurɓa, ya kurɓa, bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Gishiri bai ji ba."
Ya miƙo kwanon.
Ko ɗigo babu.