Tsirkiya Shida

A Katako na same ta, ran wata Lahadi,
jingine tsakanin matacciyar fanka da tulin ƙofofin kwano.
Na taya jika bakwai, mai ita ya ce albarka.
Muka shirya a tara, ya yi mini gyara da igiyar ratayawa.
Tsirkiya biyar gare ta, ta shida ta tsinke tun a hannun wani,
gizo-gizo ya yi ɗaki a cikinta, ya tashi bai biya haya ba.

A taksin Talaje ta hau cinyata ta zauna.
Wata mai kwandon kifi ta dube ta, ta dubi furfurata:
"Baba, ta jikanka ce?"
Na ce i.
Tun ban taɓa tsirkiya ba, jita ta sa ni ƙarya.

Shekara talatin da ɗaya a gidan waya,
dama tana buga hatimi, hagu tana danne ambulan.
Yau an ce hagun ce za ta yi magana,
ita da ko a akushi ba a gayyatarta.

Agali mai gyaran babur a bakin kwalta,
wanda takalmin aikina ya girme shi,
shi ne malamina.
Ya ɗaura ta shida, ya bi kunnuwanta yana murɗawa,
kai a karkace, kamar mai sauraron ciwon inji.
Ya ce, "Yanke farce tukuna."
Sannan ya kama yatsuna da hannu mai baƙin mai,
ya dasa su ɗaya ɗaya kamar dashen albasa:
"Do ke nan. Buga."

Na buga.
Akuyar maƙwabta ta daina tuƙa, ta ɗaga kai.

Kwana uku, kan kowane yatsa ya yi tsaga.
Ruwan alwalar asuba ya koma barkono,
kofin shayi ya gagari riƙo.
Tsahara na tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, ta ce,
"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Nomau."
Na ƙwanƙwasa cikin jitar, na ce,
"Amma sai ya bushe yake amo."
Ta yi tsaki. Na ga kafaɗarta na dariya.

Daga Do zuwa Sol ba nisa a ido,
amma gadar Harobanda ce da ƙarfe shida na yamma:
yatsa ɗaya ya haye,
biyu sun maƙale bayan raƙumi mai kayan tabarmi,
ƙaramin kuwa ya tsaya kallon kogi.
Agali ya ce kada in tsayar da dama don jiran hagu,
mai latti ya tarar da mota a gaba.
Ni da na saba layi ya jira ni,
yau ni ke gudu bayan hannuna.

Mako bakwai haka.
Har yaran unguwa sun gaji da leƙe.

Sai wani dare cikin bazara wuta ta ɗauke.
Muka fito da tabarmi tsakar gida,
ƙasa na amayar da zafin da ta sha tun hantsi.
Na ɗauko ta don dai hannu ya sami abin yi.
Ba fitila, ba wata, ban ga yatsuna ba,
su ma, ashe, idona ne ke ba su kunya.
Do.
Sol.
Do kuma,
ba rami a tsakani.

Maficin Tsahara ya tsaya.
Can ta ce, "Sake."
Na sake, ya ɓaci. Na sake, ya ɓaci. Na sake, ya zo.

Ba waƙa ba ce tukuna, ƙofa biyu ce kawai
da na koyi wucewa ba tare da na buge goshi ba.
Gobe Agali zai nuna mini Fa,
wadda ya ce ta mayar da jita da yawa Katako.
To, Allah ya kai mu.
Kan yatsuna ya yi kanta, tauri kamar bayan ƙwarya,
ina shafa su a sahu, ina jin kunyar liman.

In na sake haɗuwa da mai kwandon kifi,
ko ba ta tambaya ba, zan ce mata:
tawa ce.