Dariyar Aro

A shagon Labaran mai aski, bayan layin dogo a Agege,
janareto na tari, fanka na juya zafi,
mu bakwai kan benci guda,
na takwas Rasaki makanike, mai Hausar ciniki kawai.

Fim ɗin Indiya ne, an ɗora masa bakinmu.
Jarumin fari sol, ɗan arewacin ƙasarsu,
ya yi ɓatan kai, ya faɗa wani ƙauye can kudu.
Sai ga mutanen gari:
baƙaƙe, ƙarti, gashin baki kamar tsintsiya,
zane a gwiwa, adda a hannu,
ba mai suna a cikinsu.
Da suka buɗe baki, mai fassara bai ɓata yawunsa ba,
ya yi musu kukan dinya,
shago ya kece.

Naushi ɗaya, mutum goma sun tashi sama
kamar an jefi kaji da takalmi.
Mota ta yi alkafura uku ta dira garau.
Na yi dariya har na daki cinyar Tanimu.

Rasaki ya share hawaye, ya dafa kafaɗata,
ya nuna wani ƙato da ya faɗa randa:
“Wannan, a fim ɗinmu, kai ne.
Buta, rediyo, bakin get,
kai, kai, walahi!”
Ba da mugunta ya faɗa ba. Shi ya fi ciwo.
Dariyar ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi.

Shekara goma sha tara ina Ikko.
Ni ke riƙe lissafin tirelolin albasa,
harshe uku nake ciniki da su,
amma a cikin danfo sunana ɗaya da mai shayi,
ɗaya da mai wankin takalmi:
Aboki, matsa.

Na buɗe baki zan rama, sai na tuna Gumel.
In na je gida da Sallah, yara sun kewaye ni,
muryar wa nake arawa su yi dariya?
Hular wa nake karkacewa?
Barkonon wa, hayaniyar wa?
Ashe tudun da nake hango nasa
a kan nawa nake tsaye.

Aka ci gaba da duka, aka shiga rawa,
yarinyar kudu ta bi jarumi, kowa ya yafe wa kowa.
Ni hankalina na kan na cikin randa.
Na san ya fito, ya goge jiki,
ya karɓi 'yan kuɗinsa, ya hau bas kamar ni.
A gida 'yarsa ta tare shi:
Baba, yau me ka fito?
Ya cire gashin bakin, ya ajiye kusa da butar shayi,
ya ce: na faɗi, sun yi dariya.
Kawo abinci.