Harshen Dutse

A tsibirin Gozo, ran jajibirin Kirsimeti,
iskar teku na jijjiga ƙyauren kakata Zeza,
ita kuwa hannu dumu-dumu cikin kwaɓi,
ta ce in miƙo mata harshen nan na kan ƙusa.

Bai cika tafin hannuna ba.
Baƙi-baƙi ne, mai sheƙi, kusurwa uku,
ɗaure da zaren da ke shan hayaƙi
tun ba a haifi uwata ba.

Labarin na san shi kamar yunwar cikina:
wai wani waliyyi ne jirgi ya tarwatse da shi,
yana jin ɗumi maciji ya cafke masa hannu,
ya yarfe shi a wuta, ya yi baki,
sai harsunan macizan tsibiran nan kaf
suka zube, suka daskare cikin duwatsu.
Manyan da, in ji ta, sukan tsoma shi a ƙoƙon sha,
in maƙiyi ya zuba guba, ya tsotse.

Bana shekara sittin cif
da yammacin da Wenzu ya sauko daga mahaƙar dutse,
fari fat har gashin ido,
ya tsaya a wannan ƙofa yana murza hula.
Ba shi da kuɗin zobe.
Ya buɗe hannu, ga abin da digarsa ta tono da hantsi
cikin dutse mai launin man shanu.
Ita kuma ta zaro zoben zuma daga tanda,
ta zura masa a wuyan hannu.
Ya ƙone, bai ce uffan ba.
Yau shekara tara yana kwance bayan coci.

Ni kuwa hutu na zo, karatu na yi mini ƙaiƙayi.
Na ce, Kaka, wannan fa ba harshe ba ne.
Haƙori ne, na wani kifi
da ya ninka kwale-kwalen Ninu sau uku,
ya ci zamaninsa tun ba mutum, ba coci, ba maciji a nan,
lokacin gonarki da mahaƙar duk suna ƙarƙashin ruwa.
Yakan zubar da haƙora kamar bishiya da ganye,
laka ta rufe, shekaru miliyoyi suka bi ta kai.

Ba ta ɗago ba.
Tana naɗe kwaɓi a kan baƙin haɗi,
maɗi da ɓawon lemo da kanumfari da tsakin alkama,
ta haɗa kai da wutsiya, ya zama zobe.
Ta ce, Lasa. Na lasa.
Ka ji zuma? Na ce a'a.
To, rabon zoben gidan nan da zuma tun kakar kakata.
Da ragowar saƙar zuma ake yi,
ta yi wuya, aka koma maɗi, suna bai motsa ba.
Wa ka taɓa ji ya dawo da nasa?

Sai ta karɓe shi daga hannuna,
ta juyo gefensa mai kama da zarto,
ta tsattsaga bayan zoben, ɗaya, biyu, har shida,
don baƙin ya sami hanyar leƙowa in ya ji wuta.
Shekara sittin da shi nake wannan tsaga,
ina ta mamakin harshe mai kaifi haka.
Ashe haƙori ne!
Ta yi dariya har da tari,
ta share ido da bayan hannu, gari ya hau mata gira.
Da Wenzu na nan, da ya ce ai shi ya sani.

Ƙararrawar coci ta soma kira.
Ta ware wanda ya fi ƙonewa a ƙaramin faranti,
ta tura shi gaban kujerar da ba mai zama.
Ni na wanke haƙorin.
Maɗi ya maƙale tsakanin ƙananan tsininsa,
na sa farce, ya ƙi fita duka,
na mayar da shi kan ƙusa a haka.