Layin Awo a Jidda

Kawu Barmo ya ce, zuwansa na fari
bijimi biyu ya sayar, har da canji.
Aka kawo masa shinkafa da cokalin ƙarfe,
ya miƙe ƙafa kamar a zaurensa.

Ni kuwa fadamata na jinginar.
Awa biyar gwiwata tokare da bayan wani,
ruwa ɗan kofi, kamar maganin tari.
Ga ni yau, za a koma gida,
sikeli ya ce jakata ta haura
da kilo uku.

Na kwance dabino na rarraba wa layi,
kowa ya ci, har mai awon.
Dardumar Inna Tabawa kam,
yafa ta na yi,
zafi ko ba zafi.